'Yan Tsanan Iya Masu Idon Wuri

Mu biyar ne a tsakar gida a yammacin nan, na shidan daga baya ya shigo. Akwai Iya, kakarmu, wadda ta haifi ubanmu. Akwai Inna, uwarmu, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Akwai Ladidi, 'yar Baffa, sa'ata, mai fara dariya tun ba a zo wurin dariya ba. Sai ni, Abu, shekarata tara ko goma, ba wanda ya rubuta. Sai ƙanwata Rakiya, mai shekara shida, wadda ba ta ji. Na shidan shi ne Baffa, Malam Idi, wan ubanmu kuma mai gidan, wanda yake karantar da yaran unguwa a zaure. Ubanmu ya tafi sarin goro, kuma in ya tafi sai ya share wata biyu.

A zangon Djougou ne, gidan ƙasa mai zaure ɗaya, da rijiya a tsakiya, da mangwaron da bai taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Damina ta ɗauke, doya ta cika kasuwa. Mun ci sakwara da miyar kuɓewa, an wanke kwanuka, an yi magariba.

Rakiya ba kurma aka haife ta ba. Tana da shekara biyu da wani abu zazzaɓi ya kama ta, kwana tara wuyanta a sanƙare. Ta tashi, kunnen bai tashi tare da ita ba. 'Yan kalmomin da ta fara, "Inna" da "ruwa" da "a'a", suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har ba saura. An kai ta wurin likita, an ba ta rubutu ta sha, an ɗiga mata man kaɗanya. Daga ƙarshe kowa ya ce haka Allah ya so, kuma gaskiya ne. Amma Allah bai ce a daina yi mata magana ba, mu muka daina. In ana so ta matsa, sai a ture ta da gwiwa. In ana so ta zo, sai a janyo ta. Ta zama mai ihu da cizo. Yaran unguwa suna kiranta bebiya, ni ma na kira ta, ba zan ɓoye ba. Ranar da Iya ta ji ni, ta murɗe mini kunne har sai da na durƙusa.

"Ke naki kunnen da yake ji, me ya tsinana miki?"

Wata ranar kasuwa kamiyo, wato babbar motar doya, daga ƙauyen Onklou ya shigo gari yana ta danna oda. Kowa ya kauce ban da Rakiya. Tana tsakiyar hanya, ta ba shi baya, tana bin wata 'yar kaza. Wata mai tallan koko ce ta yar da ƙwaryarta ta fizgo ta. Aka kawo ta gida tana dariya, ba ta san abin da ya wuce ta bayanta ba. Inna ta rufe ta da duka tana kuka. Iya ta shiga tsakani.

"Kina dukanta a kan me? Wa ya taɓa gaya mata?"

"Iya, ta yaya za a gaya mata?"

Iya ta juya ta nufi ɗakinta. Kwana biyu tana zaune a ƙofar ɗakinta da allura. Ta ɗauki totuwar masara, ta naɗe ta da ƙyallen atamfa, ta ɗaura mata jan kallabi irin na Rakiya. Ta samo gwangwanin sardin, ta yi masa ƙafafu da murafen kwalba. Ta ja layi biyu a ƙasa, hanya ke nan. 'Yar tsana tana tafiya, gwangwani ya taho ta baya, ya buge ta. Iya ta ɗora hannu a ka, ta yi fuskar makoki. Ta sake. Wannan karon 'yar tsana ta tsaya a bakin layi, ta waiga nan, ta waiga can, gwangwani ya wuce, sannan ta tsallaka. Iya ta rungume ta.

Ban san sau nawa ta yi ba, ni har na gaji na tafi na dawo. Da na dawo na iske gwangwanin a hannun Rakiya. Ta tura shi ya buge 'yar tsanar, ta tsaya tana kallonta a kwance. Sai ta kai hannu ta taɓa jan kallabin da ke kanta, ta ɗago ta dubi Iya. Iya ta gyaɗa kai. Yarinyar nan ta saki gwangwanin kamar ya ƙona ta.

Daga nan kwandon Iya ya fara cika. Kowa a gidan ya sami tasa. Ta Inna tana da 'yar taɓarya, ta Baffa tana da gemun auduga, tawa an tsuke mata baki, wai haka nake. Da su Rakiya ta san sunan kowa: in ta shafa haɓa, Baffa ke nan, in ta yi daka da hannu, Inna. Da su ta san ba a leƙa rijiya, da su ta koyi alwala, gaɓa bayan gaɓa. Sai kuma dabbobin tatsuniya, akuya da 'ya'yanta, da zomo, da kura. Kurar da fasasshen ludayi aka yi kanta, aka ɗaure muƙamuƙin da zare yadda zai buɗe ya rufe, haƙoran kuwa ƙayar aduwa ce. Iya ta kan cusa hannu a cikin tsumman, sai ka ga abu ya tashi yana numfashi.

Idanun ne suka ba ta wahala. Da farko da gawayi take ɗiga su, amma a hasken wuta ba a ganinsu, Rakiya ba ta gane wa yake kallon wa. A wurin kurma kuwa, wanda ake kallo shi ake yi wa magana. Sai Iya ta kwance wani ƙullin da ta gada wurin uwarta, cike da wuri, irin kuɗin mutanen da. Ta ɗinka wa kowace biyu-biyu. Fari ne, yana kama haske. In kura ta juya kai, ko daga bakin rijiya ka san wanda ta sa wa ido.

Kada wani ya ce me ya hana a yi da rana. Sauran koyon duk da rana ake yi, a cikin ɗakin Iya. Tatsuniya ce ba a yi da rana. Kowane yaro a zango ya san wanda ya yi tatsuniya rana na sama zai ɓata, ya fita kasuwa ya kasa gane hanyar gidansu. Iya ta yarda da wannan har cikin ranta. In muka roƙe ta da hantsi, da muciya take korarmu. A wasu gidajen a cikin duhu ake yi, ko a farin wata, don kunne ba ruwansa da haske. A gidanmu sai da wuta. Tun la'asar nake tara totuwa da ɓawon gyaɗa da kara. Wutar a gefe ake hura ta, yadda hasken zai faɗa kan fuskar Iya da hannuwanta, ba cikin idon Rakiya ba. Rakiya a gaba, gwiwarta na taɓa ta Iya. In hasken ya yi ƙasa, ko a tsakiyar maganar kura, sai ka ji, "Abu, wuta!"

In ta ce ga ta nan, ba a amsa mata yadda ake amsawa a ko'ina. Ta hana. Sai dai mu nuna idanunmu da yatsa biyu, mu ce ta fito mu gan ta. Rakiya ita ce ta farkon ɗaga yatsa.

A yammacin nan sabuwa ta kawo. Wai akuya ce mai 'ya'ya uku, biyu suna ji, ƙaramar ba ta ji. Iya ta toshe kunnen ƙaramar da yatsa, ta nuna wa Rakiya. Uwar za ta tafi kiwo, ta ja musu kunne kada su buɗe ƙofa. Kura ta zo. Kurar nan ta san in ta yi kukanta za a gane ta, don haka ta sha zuma, ta yafa zane, ta yi sallama da murya mai daɗi. Nan Iya ta kan siranta murya har Ladidi ta faɗi ƙasa don dariya.

"'Ya'yana, 'ya'yan ƙawata, uwarku ce ta aiko ni. Ta sami gonar wake ba mai gadi, ta ce in zo da ku."

Manyan biyu suka ji, suka hau tsalle, suka nufi ƙofa. Ƙaramar ba ta ji ko ɗaya ba, ba zumar, ba ƙawar, ba waken. Ta leƙa ta ramin ƙofa, abin da ta gani kawai ta gani. Ta ga baki yana buɗewa yana rufewa. Ta ga miyau yana zuba. Ta ga gashin akuya maƙale a tsakanin haƙora. Iya ta riga ta saƙala ɗan farin zare a cikin ƙayar, ta juya kan ludayin wajen wuta a hankali. Rakiya ta gani kafin mu. Ta yi wata ƙara, ta kai hannu ta damƙe ƙaramar akuyar daga hannun Iya.

Daidai nan Baffa ya yi sallama.

Ba ya shigowa cikin gida a wannan lokacin. Inna ta gyara kallabi, ta ture farantin gyaɗa gefe. Ya tsaya a kanmu da carbi a hannu.

"Iya, ina son magana."

"Bari kura ta gama tata."

"Iya, magana ta kai masallaci."

Ashe kwana uku da suka wuce Tasalla maƙwabciyarmu ta shigo ɗiban wuta, ta tsaya ta ga abin da ta gani, ta fita. A Djougou kuwa ba wanda bai san ma'anar mutum-mutumi mai wuri a jiki ba. Muna ganinsu a kasuwa wurin masu kayan tsafi, muna ganinsu a gidajen waɗanda nasu addinin ke nan, suna zuba musu manja. Kowa da nasa, ba mu taɓa faɗa da kowa a kai ba. Amma a gidan malami? Kafin maganar ta zagaya unguwa ta zama wai uwar Malam Idi tana da gumaka a kwando, tana tashe su a bakin wuta in duhu ya yi, ta ba su kurmar jikarta, har ana jin yarinyar tana amsa musu da wata irin murya. Mutum biyu sun riga sun cire 'ya'yansu daga zauren.

Iya ba ta faɗin sunansa, shi ne ɗanta na fari. Malam take ce masa, kuma tana da yadda take faɗi in ranta ya ɓaci.

"Malam, totuwa ce. Masarar kai ka ci ta."

"Ni na sani. Su ba su sani ba. Wuri fa kika sa musu, Iya. Ga duhu, ga wuta. Me kike so mutane su ce?"

"Da rana ake tatsuniya?"

"To a bar tatsuniyar."

"A bar wa wa? Waɗannan biyun ko daga cikin rijiya na yi magana za su ji ni. Ita fa?"

"Ita Allah ya yi ta yadda ya yi ta. A ci da ita, a tufatar da ita, a yi mata addu'a."

"Tunkiyarka ma kana ci da ita."

Baffa ya durƙusa ya tattara 'yan tsanan ɗaya bayan ɗaya, har da mai gemun auduga, ya zuba a kwando. Iya ta zare hannunta daga cikin kura ta miƙa masa da kanta. Saura ƙaramar akuyar da ke hannun Rakiya. Ya buɗe yatsunta ɗaya-ɗaya, a hankali, ba tare da ya dubi fuskarta ba. Ya ce gobe bayan azahar zai sa a haƙa rami a bayan gari a binne su, magana ta mutu. Ya fita da kwandon.

Na jira Iya ta yi faɗa. Ba ta yi ba. "Abu, kashe wutar," kawai ta ce.

Rakiya tana bin bakunanmu da kallo, daga wannan zuwa wancan. Ta shafa haɓa, ta buɗe tafin hannu, tana tambaya. Ba wanda ya iya gaya mata dalili, don abin da ake gaya mata magana da shi yana cikin kwandon. Inna ta zo za ta ɗauke ta, ta gartsa mata cizo a hannu. Rabonta da cizo ya fi shekara. Ta shige bayan randa ta juya mana baya, kuma kurma in ta juya maka baya, ta rufe ƙofa ke nan.

Zan zo kan abin da ya faru da gari ya waye. Bari in fara faɗin abin da ya sa nake ta da wannan maganar yanzu, bayan Iya da Inna da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Aure ya kawo ni Parakou, na yi fiye da shekara arba'in ina sayar da hatsi a kasuwar Arzèkè har gwiwa ta ce ta gaji. Ban yi lakol ba, wato boko, ko a allo ban wuce surorin salla ba. A unguwarmu Banikanni ana ce mini mai zafi, wai ina sa wa mutane ido. Ina sawa. Mutum ya zo yana zuba mini magana mai daɗi, ni hannunsa nake kallo da inda idonsa yake zuwa. Ƙaramar akuyar nan ce ta koya mini, kuma na daɗe ina zaton iyakar darasin ke nan.

Shekara uku da suka wuce wata yarinya 'yar ƙabilar Bariba, malamar makaranta, Metires Bake, ta kama ɗaki a bayan masu gyaran babur tana koyar da yaran da sauran makarantu suka ce ba su san yadda za su yi da su ba. Kurame ne mafi yawa, sai wani yaro da hannuwansa ke karkarwa, sai wata da ba ta kallon fuskar kowa. Kullum na wuce sai na tsaya a taga. Rana ta huɗu na kasa haƙuri, na yi mata magana da yaren Dendi.

"Ke, 'yar nan. Kin ba taga baya. Wa yake ganin bakinki?"

Ta dube ni kamar za ta ce ina ruwana, sai kuma ta dubi yaran, ta zagaya ta tsaya inda haske yake. Yarinyar kirki ce, ta yi karatun maganar hannu, ta san abubuwan da ni ban sani ba. Amma hotuna take nuna musu a takarda, kuma hoto ba ya waigawa. Bayan mako guda na kai mata leda cike da totuwa da tsumman da na roƙo wurin tela. Yanzu kowace Laraba ina can. Gwangwanin sardin ya zama zem, wato babur ɗin haya, da na lanƙwasa da waya, don a Banikanni zem ne ke kwashe yara, ba kamiyo ba. Yaron nan mai karkarwa, in ya cusa hannu cikin tsumma, karkarwar ta zama rawar zomo, sauran su yi ta dariya, shi ya fi kowa. Wadda ba ta kallon fuskar mutum tana kallon fuskar 'yar tsana, kuma ta nan Metires take shiga wurinta. Ɗakin yana da haske, farin maɓalli ya isa ido. Kura ce kaɗai na sa wa wuri. Metires ta ce, "Mama, za a yi magana." Na ce duk mai magana ki nuna masa gidana.

An yi maganar kuwa. Wani Alhaji mai shagon kayan babur yana da 'ya kurma, shekara takwas, in baƙi sun zo sai a tura ta ɗakin baya. Sau uku ina zuwa gidansa. Ya ce ba zai kai 'yarsa inda ake wasa da gumaka ba. Na sa kurar a jaka na tafi wurin limamin unguwarsu, na ajiye ta a gabansa, na ce ya duba. Ya juya ta, ya ja zaren, baki ya buɗe, ya yi dariya har ya rufe baki da hannun riga. Ya ce abin koyar da yara ne, shi bai ga laifi ba. Na ce to ya gaya wa Alhaji, don ni mace ce, tawa ba ta shiga kunnensa. Yarinyar tana zuwa yanzu, amma ta ƙofar baya ake fitar da ita, kuma ban gama da uban ba. Ɗana yana ce mini, "Hajiya, ki daina shiga gidajen mutane, wata rana za a gaya miki marar daɗi." An riga an gaya mini. Ban mutu ba.

A gidan Alhajin nan na gane abin da ban gane ba ina yarinya. Na daɗe ina riƙe da Baffa a raina, ina ganin shi ne kura. Ba shi ba ne. Shi yake sayo wa Rakiya takalmi duk salla, nata yake fara zaɓa. Alhajin ma na ga yadda yake kallon ƙofar ɗakin baya in yana magana. Irin yaran nan ba maƙiyi ne yake kulle su ba. Wanda yake son su ne, yana kuma tsoron bakin mutane, sai ya auna, ya ga yaron ba zai iya kai ƙara ba, mutane kuwa za su iya. Shi ya sa ba na lallashin iyaye. Masu lallashi suna da yawa. Rakiya ta yi aure a Onklou, ta haifi huɗu ta yi musu tarbiyya da hannu da ido, ba ta taɓa barin salla ba har ta koma ga Allah. Ba lallashi ne ya ba ta wannan ba.

Da gari ya waye, washegarin ɗauke kwandon, Iya ta yi salla, ba ta sha koko ba. Ta jira rana ta ɗago sosai, lokacin da mata ke wucewa kasuwa. Ta ɗaura zanen da take sawa ran Juma'a. Ta je bayan randa ta tsuguna, ta daɗe, ban san abin da ta yi ba, na dai ga ta fito riƙe da hannun Rakiya. Ta ce in ɗauko tabarma da kujerarta.

Zauren cike yake da yara, karatu ya kaure. Ta yi sallama ta shiga, karatun ya mutu. Kwandon yana bayan Baffa an rufe shi da buhu. Ta zagaya ta ɗauka.

"Iya..."

"Yi karatunka, Malam. Ban zo hana ka ba."

Ta fita ƙofar gida, bakin hanya, ta sa na shimfiɗa tabarmar a fili inda ba inuwa. Ta jera su duka. Ta aiki Ladidi ta kira Tasalla. Kafin Tasalla ta fito mata sun fara tsayawa da kaya a ka.

"Tasalla, an ce kin ga abu a gidana cikin duhu. Duhu ba ya nuna abu da kyau. Zo ki gani. Riƙe."

"Iya, ni fa ban ce..."

"Riƙe, na ce. Shinshina. Manja kika ji ko jini?"

Tasalla ta riƙe da yatsa biyu. Iya ta karɓa, ta warware zanen 'yar tsanar a gaban kowa, totuwa ta fito tsirara da idanu biyu. Wata ta tuntsire da dariya, wata ta ce, "Ashe gunkin ma kaji sun riga sun ci namansa." Iya ba ta yi dariya ba. Ta naɗe ta, ta zauna, ta ja Rakiya gabanta har gwiwa ta taɓa gwiwa. Ta cusa hannu cikin kura.

Wata tsohuwa sa'arta, mai sayar da daddawa, ta gane abin da za a yi. Ta sauke tirenta, ta kira Iya da sunanta.

"Hawwa! Tatsuniya? Rana na kallonki? Ɓata kike so ki yi?"

Iya ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "Yarinyar nan shekara huɗu tana ɓace a cikin gidan ubanta, ba wadda ta sauke tire. Ni in na ɓata, ku neme ni."

Ta ɗaga kurar, ta ce ga ta nan. Ba wanda ya amsa. Rakiya ta dubi taron, ta dubi ƙofar zaure inda Baffa yake tsaye, yara suna leƙe ta ƙarƙashin hannunsa. Ta dubi Iya. Sai ta ɗaga yatsa biyu ta nuna idanunta.

Iya ta ɗora daga inda aka tsaya. Kura tana ƙofa, baki yana buɗewa, manyan biyu sun kama sakata. Ba ta miƙa hannu wajen ƙaramar akuyar ba, ta bar ta a kan tabarma. Rakiya ce ta ɗauka, ta cusa hannu, ta tunkuyi yayyen, wannan ya faɗi nan, wancan ya faɗi can, ta tsaya ta tokare ƙofa. Kura ta roƙa, ta yi kuka, ta yi rantsuwa, akuyar ba ta ji ba. Har uwar ta dawo da mutanen gari da sanduna. Iya ta wurgar da kurar can tsakiyar hanya, mata suka yi guɗa, mai daddawa ma da ita. Baffa bai zo ya tattara komai ba. Ya juya ya koma ciki, bayan ɗan lokaci karatu ya tashi.

Iya ta kwashe kayanta a kwando, ta miƙa wa Rakiya ta kai ɗaki da kanta. Ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta tsaya tana duban hanyar kasuwa, hanyar da ta bi kusan kullum tun kafin a haifi ubana. Sannan ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Abu, yau ke za ki raka ni. Riƙe bakin zanena, ki riƙa lura da hanya."